Faifan da Ba a Ji Kalmominsa Ba

Tun watan Nuwamba tukunyar ɗumama gidanmu, wato hita, ta mutu. Bene ne mai hawa huɗu a arewacin Winnipeg, cike da tsofaffi da masu ƙananan yara, mai gidan kuma yana Vancouver ba ya ɗaga waya. Hukumar haya ta sa mana ranar zaman sauraron ƙararmu a watan Maris. Na san irin zaman nan: idan 'yan haya biyu suka je, a ɗaga shi zuwa bazara. Sai an cika ɗakin ake saurare.

Abin da ya sa na rubuta waƙoƙin ke nan. Ni ce mai waƙa a ƙungiyarmu ta punk, kiɗan tawaye mai sauri da hayaniya, Taras ke kaɗa jita, Marivic ke kan ganguna. A waƙar ƙarshe na saka sunan titinmu da ranar zaman, na maimaita su har muryata ta dushe.

A ɗakin wanki na ƙarƙashin benen muka ɗauki faifan, cikin Janairu. Marivic da safar hannu ta yi kiɗa. Kowace waƙa sau ɗaya muka buga ta, da gudu, domin yatsun Taras sandarewa suke yi idan aka daɗe.

Wajen haɗa sauti aka samu matsala. Taras ya tura sautin jita sama, ya danne muryata har ta koma kamar ta mai kira daga cikin rijiya.

Na ce, “Kai, ɗago muryar nan. Wa zai ji abin da nake faɗa?”

“Haba 'yar jami'a, punk ne fa, ba lacca ba. Haka ake yi tun kafin a haife ki.”

“An haife ni, ga ni kuma sanyi na kashe ni.”

Marivic ta ce, “Ku yi ta faɗa, ko ɗakin zai yi ɗumi.”

Na nemi a buga kalmomin a bayan kwalin faifan. Taras ya ce mai son ji ya kasa kunne. Marivic ta gaji, ta bi bayansa, biyu suka rinjayi ɗaya. Maganar nan ta “haka ake yi” ita ce ta fi ba ni haushi, musamman daga bakin mutumin da ya cika rigarsa da tambarin tawaye.

Faifan ya fita a Fabrairu, ya kuma karɓu. Rediyon jami'a ya riƙa saka shi safe da yamma. Wani marubuci a Toronto ya yaba saurinmu, ya ce fushi ne tsantsa wanda ba ya bukatar dalili. Dalilin yana hawa na uku, inda maƙwabciyarmu Madam Bilyk ke kwana da rigar sanyi, ta bar murhun girki a kunne.

Ranar Lahadi da rana muka yi bikin ƙaddamarwa a zauren 'yan Yukiren, don yara ma su shigo. Saura kwana kaɗan a yi zaman. Zaure ya cika, ana ture-ture, ana ihu tare da ni, amma sautin kawai suke kwaikwayo. Wani yaro mai koren gashi yana gabana yana buɗe baki daidai da nawa, babu kalma ɗaya a ciki.

Da muka shiga waƙar ƙarshe, na taka na zare wayar jitar Taras daga lasifika.

“Ke! Kin haukace ne?”

Ban kula shi ba. Marivic ta dube ni, ta dube shi, ta ci gaba da kiɗa a hankali. Na rera waƙar daga farko, murya da ganga kawai. Ture-turen ya tsaya. Wasu suka yi tsaki suka fita shan taba. Daga baya wani ya ɗaga murya, “Wai dama maganar hita kuke yi?”

“Maganarta ce, ɗan'uwa. Laraba, ƙarfe goma. Ka zo da wannan bakin naka.”

Taras ya naɗe wayar jitarsa, ya ce na mayar da su 'yan amshin taron siyasa. Bai sake zuwa gwaji ba, ƙungiyar ta watse a kan faifai ɗaya.

Ranar Laraba akasarin waɗanda suka yi tafi ba su zo ba. Amma waɗanda suka zo sun ishi kujerun ɗakin, da rigunan fata da ƙarafa a hanci, Madam Bilyk a tsakiyarsu tana raba musu alewa. Mai koren gashin ma ya tsere daga makaranta ya zo. Ba a ɗaga zaman ba. An umarci mai gida ya gyara.

A ƙarshen Afrilu masu gyara suka zo, ƙanƙara ta riga ta narke a kan titi. Da bututun ɗumama ɗakina ya fara ƙara, na tashi na buɗe taga saboda zafi.