Rufin Kat-San-Kat

Tun da idanun Baba Bukar suka daina gani na dawo da shi gidana a Zinder, bai roƙe ni komai ba sai motarsa. Tsohuwar Pijo ce, kat-san-kat, wadda ta shekara ashirin a ƙarƙashin rumfa a ƙauyen Gaffati, injinta ya mutu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta.

Shekara talatin ya yi yana jigilar mutane da ita, kuma duk tasha an san bai taɓa ɗora ko ƙullin goro a rufinta ba. Yakan ce mai mutunci ba a aza masa kaya bisa hula. Muna yara, taɓa rufin nan ya fi satar nama a tukunya laifi. Ranar da zan tafi ɗauko ta, sharaɗi ɗaya ya gindaya mini: rufin ya iso yadda ya bar shi.

Na ɗauki hayar Salisu, mai tirelar da ke dakon gero da gyaɗa. Mutumin kirki ne, amma a wurinsa komai buhu ne. Da ƙyar muka tura motar bisa katakai ta hau. Na juya in sha ruwa ke nan, sai ga shi ya wurga igiya ta kan rufin, ya taka gefen tirela yana ja iya ƙarfinsa. Na daka masa tsawa har kajin suka watse. Muka kwance, muka ɗaure tayoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, muka tokare su da itace, muka lulluɓe saman da tsohon bargo. A hanya, duk inda muka faɗa rami sai na sa ya tsaya na duba ɗauri, har jakuna suka riƙa wuce mu.

Da muka sauke ta a ƙofar gida sai na yaye bargon. Ga lotsawa a bayan rufin, kamar gindin ludayi. Na harari Salisu, ya rantse igiyarsa ba ta kai nan ba.

Aka riƙo hannun Baba. Ya shafa fitila, ya shafa ƙofa, ya yi mata sallama kamar tsohuwar abokiya. Sannan tafinsa ya hau rufin a hankali, ya tafi kai tsaye wurin, ya tsaya. Na fara kame-kamen ba shi haƙuri, ina ɗora wa Salisu.

"Ƙyale bawan Allah, Mahamud," in ji Baba. "Wannan gwiwarka ce. Ranar da ka hau tsinkar magarya, kana ɗan shekara bakwai."

Wallahi na manta. Na tambaye shi me ya hana shi dukana, kuma me ya hana shi kai ta a buge wurin.

"Ai lotsawar nan nake ta marmarin in taɓa," ya ce, hannunsa na nan a wurin.