Raƙumi Ba Shi da Maɗaciya

Na Allah mahauci ne a kasuwar Urafane, mutum mai baki kamar reza, amma ranar da ciwon nan ya sake murɗe shi, sai ga shi a ƙasa yana kiran uwarsa da ta rasu tun tuni. Ciwo ne mai kama saman ciki ya ɓulla ta baya, ga amai. Ya lafa, ya dawo, kowane zuwa ya fi na baya muni.

A asibitin Maraɗi likita ya ce wani nama ne a bayan tumbi, pankireyas, yake kumbura, saboda tsakuwar da ke fitowa daga maɗaciya tana toshe masa hanya. Magani shi ne a yi fiɗa a cire maɗaciyar, tun kafin ciwon ya zo da ajali.

"Hiɗa? Ni za a yi ma hiɗa?" in ji Na Allah. "Lokotoro, tun ina yaro nike hiɗar awaki da tumaki, ban taɓa ganin mai rai ba shi da maɗaciya ba."

Ya tattara ya koma gida. Matarsa Zubaida ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka, gogan naka ya kafe. Gaskiyar magana tsoro yake ji, kuma ya fi son a ce taurin kai ne.

Ranar kasuwa abokinsa Amani, mai kiwon raƙuma, ya ji labari, ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

"Kai dai mahaucin awaki ne. Taso mu tahi."

Ya ja shi can gefen kasuwa inda aka yanka raƙumi, ya ce ya nemo masa maɗaciya. Na Allah ya naɗe hannun riga, ya juya hanta sama da ƙasa, ya laluba, ya sake lalubawa. Babu ko alama.

"An cire ta!"

"Wa ya cire? Haka Allah ya yi shi. Kuma ka taɓa ganin akuyar da ta riga shi zuwa Agadas?"

Na Allah ya daɗe tsugune, hannu duk jini. Da ya isa gida ya ce wa Zubaida ta haɗa kaya.

Aka yi aiki lafiya. Da ya farfaɗo, Zubaida na gefe ido ya yi ja, likita na tsaye. Ya motsa baki da ƙyar, kowa ya matso, ana zaton salati zai yi.

"Lokotoro, ba ka hwasa ta a ciki ba ko? In ta hwashe, nama duka ya ɓaci."

"Ɗungurungum na hiddo ta."

"To, hannunka ya yi. Ka iya hiɗa."

Zubaida ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ta riƙe hannunsa ta ƙi saki.