Makullin Azurfa

Bindigar ta tashi alhali makullinta na rufe, harsashin ya shiga cinyar Pavlis ya farfasa ƙashi.

Ranar bikin 'yar Vardis abin ya faru, a ƙauyensu da ke kan duwatsun tsibirin Kirit. Maza sun gama ɓarin wuta sama kamar yadda ake yi in amarya ta fito daga coci. Sifis, ɗan Vardis, ya danna makullin ƙaramar bindigar kakansa, abokai suka fizgo hannunsa zuwa rawa, yatsa ya taɓa kunama, sai ƙara. Da wani aka samu, da an ce tsautsayi. To Pavlis ne, wanda gidansu da gidan Vardis suka daɗe suna harara a kan wata rijiyar tumaki. Dangin Pavlis suka ce da gangan ne, yaron ya harba sannan ya rufe makulli don ya wanke kansa. Kowa a dutsen ya san abin da ke biyo bayan irin wannan magana: ramuwar jini. Sifis ya daina kwana a gida.

Fadan coci ne ya karɓe bindigar tun a filin biki, ya naɗe ta a ƙyallen tatar cuku, ya ɗaure, ya ɗiga kakin kyandir a kan ƙullin. Dattawan sulhu suka ce a kai wa tsoho Evtihis mai gyaran bindiga a birnin Haniya, mutum ɗaya daga kowane gida. Vardis ya tafi, Rusos yayan Pavlis ya tafi. Mota ɗaya suka shiga.

Shagon na cikin layin maƙeran wuƙa, sai warin mai da tsohon ƙarfe. Da Vardis ya ga idon tsohon, fari fat da yana, ya tsaya cak a bakin ƙofa. Ran ɗansa aka kawo wa makaho.

"Barba," in ji Rusos, don haka ake kiran dattijo, "kana ma ganinmu kuwa?"

"Ina jin warinku. Ɗaya tunkiya, ɗaya tunkiya da giyar raki. Miƙo."

Ya shafa kakin da babban yatsa, ya ba Rusos ya tabbatar ba a taɓa ba, sannan ya fasa kakin. Ya zare gidan harsashi, ya ja saman bindigar baya, harsashi guda ya faɗo a tafinsa. Ya zura ƙaramin yatsa ciki ya tabbatar ba saura.

"Fada ya kwana da wannan a ƙarƙashin matashi? Lallai Allah na son sa."

Ya ɗana ta ba komai ciki, ya kai kusa da kunne, ya danna makulli sama, ya mayar ƙasa, ya sake. Vardis bai ji komai ba sai ɗan ƙas ƙas. Tsohon kuwa ya yamutsa fuska kamar ya ciji tsakuwa a cikin wake.

"Murya ɗaya take yi. Da lafiya take, biyu za ta yi. Ta waje tana motsi, ta ciki ba kowa a gida."

Ya rufe makulli, ya juya bakin bindigar ga buhun yashi, ya ja kunama. Gudumar da ke bugun harsashi ta faɗi, tas.

Rusos ya buga tebur.

"Wannan ba hujja ba ce! Sun goge cikin da magagari tun kafin biki, don su sami abin faɗa."

"Zauna, ɗana, kar ka zubar mini da sukurori. Ai ban gama ba."

Abin da Vardis ya gani daga nan, ya ci gaba da ba da labarinsa har ƙarshen ransa. Hannun tsohon ya shiga cikin bindigar kamar hannun makiyayi a cikin tunkiya mai naƙuda. Bai duba ba, fuskarsa na sama. Ƙananan ƙarafa suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya suna jeruwa a kan farin ƙyalle, 'yar naɗaɗɗiyar wayar sifirin da ba ta kai gashin gira ba ma ba ta kuɓuce masa ba. Ya zaro makullin, ya shafa gindinsa, ya nuna musu inda wani ɗan haƙori ya kamata ya kasance, wanda ke tokare guduma. Babu shi. Ya ɗauki maganaɗisu ya zagaya cikin bindigar, ya fito da wani ɓarɓashi kamar ƙwayar shinkafa, baƙi da tsohon mai. Ya wanke shi, ya haɗa da gindin makullin. Suka zauna daram, ko tsaga ba a gani.

"Kawo farcenka," ya ce wa Rusos. Ya kama yatsansa ya goga a kan karayar. "Me ka ji?"

"Kaushi. Kamar gishiri."

"Magagari santsi yake bari, da layi layi. Wannan karyewa ya yi, kamar gilashi, kuma sabo ne, ba tsatsa. Ɓarin wutar da kuka yi wa amarya ne ya ƙarasa shi. Yaron ya rufe ƙofa, bai san an cire sakata ba."

Vardis ya buɗe baki zai yi godiya, tsohon ya ɗaga hannu.

"Amma ƙarfen bindiga ba ya karyewa haka don kansa. Na san irin wannan tun ina da haƙora, lanƙwashewa yake kafin ya karye."

Ya saki makullin a kan dutsen wasa wuƙa, ya saurari ƙararsa. Ya ɗauka ya ɗora a harshe. Ya tofar.

"Azurfa. An yi masa ado. Kai mai ido, duba gefen adon, akwai shuɗi?"

Rusos ya kai bakin ƙofa ya duba a rana. "Akwai."

"Maƙerin farfaru ya gasa shi har ya yi ja don azurfa ta kama, ya tsoma a ruwan sanyi kamar yadda yake yi wa zobe. Zobe ba ruwansa. Ƙarfe kuwa an sauya masa hali. Ban ga laifin maƙerin ba, aikinsa ya yi. Wa ya kai makullin bindiga wurin mai 'yan kunne?"

Vardis ya dubi ɗan reshen zaitun na azurfa da ke walƙiya a kan ƙyallen. Shi ya zaɓi zanen. Shi ya cire makullin da hannunsa kafin biki, don in ɗansa ya ɗaga bindigar kakansu a gaban surukai, kowa ya ga gidan da amarya ta fito. Har ya yi ta nuna wa mutane a wurin shan kofi.

"Ni ne."

"To," in ji tsohon, yana goge hannu. "Kun zo da tambaya ɗaya, na ba ku amsa biyu. Ku kwashe kayanku, wannan ba zan mayar da ita ba."

A hanyar komawa Rusos ya tsayar da mota a wata kwana, ya kunna taba, ya miƙa wa Vardis ɗaya.

"Da harshe fa, Vardis. Da harshe ya gano."

"Na gani."

Dattawa suka zauna a farfajiyar coci, Rusos ya faɗi abin da farcensa ya ji, bai rage ba bai ƙara ba. Aka wanke Sifis, ya dawo gida, dangin Pavlis suka ci gurasa da shi a tebur ɗaya. Amma Pavlis ba zai ƙara hawa dutse bayan tumaki ba, kuma ba a so ya riƙa dogara sanda yana cin karo da wanda ya jawo masa a bakin coci kowace Lahadi. Rijiyar ta koma gidan su Pavlis. Vardis kuma aka ce ya sauka daga ƙauyen.

Ya sauka, da furfurarsa. Ya kama ɗaki a Haniya, bayan tashar jiragen ruwa, inda in gari ya yi haske yana hango ƙanƙara a kan dutsensu ta taga. Jikansa na fari da aka haifa, ɓarin wutar sunan a waya ya ji.