Eriyar Cikin Ɗaki

A shekarun nan da man fetur ya sa mutanen Jibiya mafarki da rana tsaka, manyan motoci na layi a bakin iyaka maƙare da siminti da shinkafa, wani direban Maraɗi ya bar wa Maharazu mai gyaran batir akwatin talabijin. Tukuici ne, don ya tayar masa da motar da kowa ya ce ta mutu. Maharazu ya rungumo akwatin zuwa gida kamar jariri.

Ba don kansa yake ɗoki ba. Mahaifiyarsa Hajo, wadda ya ɗauko daga Farfaru, yanar ido ta fara cin ganinta, kullum duniya sai ƙara yi mata nisa take. Burinta ɗaya ne, ta ga Ka'aba kafin idon ya rufe. An kuwa ce akwatin nan yakan nuna alhazai in Babbar Salla ta matso.

To amma ɗan haya ɗan haya ne. Akwatin na son eriya a bisa soro, soron kuwa na Alhaji Kalilu ne, kuma a unguwar nan ba a hawa sama sai maigida da kansa ya aika gida-gida matan aure sun shige ɗaka. Alhaji ya yi Agadas, ba ranar dawowa. Injin wutar gidan ma a kulle yake, makullin na aljihunsa. Ƙaninsa da aka bar wa gida kuwa, bawan Allahn da ko tabarma ba ya ba da aro sai ya ji daga bakin yayansa, ya ce shi ba ruwansa.

Maharazu ya zauna ya ƙare wa ɗakinsa kallo. Daga bakin ƙofa zuwa bango dai nasa ne, ba mai tambayarsa. Batir kuma sana'arsa ce. Ya jona akwatin da batirin babbar mota, ya samo tsohon wilin keke ya rataya a azara, ya ja waya ya haɗa.

Ranar Arfa da yamma ya zaunar da Hajo, ya yi bisimilla ya kunna. Ina! Ba komai sai fararen ɗige-ɗige suna ta motsi kamar an watsa gero, da wata ƙara shuuu. Ya juya wilin gabas, ya juya yamma, gumi ya jiƙa shi, banza. Kunya da baƙin ciki suka kama shi, ya miƙa hannu zai kashe, sai tsohuwar ta riƙe shi.

"Bari, ɗan nan. Ba ka ganinsu? Kowa da haraminai, fari tas."

Ta matso har numfashinta na taɓa gilashin. Ta ce ga su nan suna ta kewayawa, ba su ƙirguwa, ga labbaikarsu tana tasowa kamar ruwan sama daga nesa. Can ta nuna wani mai ɗingishi ta ce tafiyarsa sak ta marigayi malam, mijinta. Hawaye na zuba, tana dariya. Maharazu ya ƙura ido, ya ƙura, har shi ma ya soma ganin farin yana juyawa a hankali. Tun daga ranar, kowace yamma sai Hajo ta yi alwala ta zauna a gaban akwatin.

Bayan salla Alhaji Kalilu ya dawo. Da ya ji labarin wilin keke ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce gobe zai aika wa maƙwabta, a hau soro a kafa eriya ta gaske, ai a gidan abokinsa a Katsina hoto tar yake fitowa, har ka ga manya da babbar riga suna buɗe masana'antu.

Maharazu ya waiga ɗakinsa. Hajo na zaune kan buzu, ta riga ta gyara lulluɓi tana jira.

"Allah shi saka, Alhaji," ya ce. "A bar ta nan ciki. Tana kamawa."