Gwiwar Hannun Baba Larbi

Ƙarfe bakwai saura na safe, ana yayyafi, na fito da maƙwabcinmu Baba Larbi daga lungu. Ya rataya a kafaɗata, ba nauyi ko kaɗan. Matarsa Lalla Rakiya ta biyo mu har ƙofa da bargo a hannu.

"Likita ya ce ka kwanta, kai ka ce tasha. Zuhair, kai ma biye masa za ka yi?"

"Ƙyale yaron nan, Hajiya," in ji shi. "Likitan ne zai tsallakar da makaho?"

Tashar unguwarmu a bayan garin Sala, maƙwabcin birnin Rabat, ba ta da nisa, amma sau uku muna tsayawa yana tari. Jirgin ƙasan nan na lantarki da ke ratsa gari ba shi da ƙara, sai ya zo daf da kai ka ji ƙararrawa. Si Mubarak kuwa, makahon da ke saƙar kujeru a Rabat, dole ya haye layi biyu kafin ya hau.

Shekara tara su biyun ba sa ga maciji da juna, a kan wani ɓaure da Baba Larbi ya sare tsakanin gidajensu. Amma tun ranar da jirgi ya kusa kwashe Si Mubarak, kowace safiya Baba Larbi yakan tsaya a gefensa ya miƙa gwiwar hannu. Shi kuma ya kama su haye, ba ko sannu.

Muka zauna a benci, yana haki.

"Buɗe idonka ka koya. Ba a jan sa, ba akuya ba ne. Ta hagu za ka tsaya, ka bari shi ya kama. Kuma ka rufe bakinka, in ka yi magana zai saki."

"Ya san cewa ku ne, Baba?"

"Wannan tsohon jakin? Warin tabata ma ya ishe shi."

Da muka ji sandar Si Mubarak a kan kwalta, na so in tallafi Baba Larbi, ya ture ni. Shi kaɗai ya miƙe. Yana jan ƙafa cikin jallabiyarsa ta ulu, amma sai da ya kai Si Mubarak har ƙofar jirgi.

Ranar Alhamis da hantsi Baba Larbi ya cika. Si Mubarak ya zo makoki, ya zauna can bakin rumfa, ya ƙi shan shayi, ya tafi.

Litinin da safe na bar tanda a gidan burodin da nake aiki, mai gidan yana ta mita, na nufi tasha. Na tsaya ta hagu, na miƙa gwiwar hannu. Si Mubarak ya kama. Yatsunsa suka laluba sama kaɗan, suna neman ulun jallabiyar nan, sai suka tsaya cik. Mun jima a haka har ƙararrawa ta kaɗa, jirgi ya shigo ya tsaya. Muka haye.

Ya shiga, ƙofa ta rufe, bai juyo ba. Na duba hannun rigata, ga sawun yatsunsa huɗu a cikin garin fulawa.