Gafakar Dauran

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau, wata kwaleji a Kaura Namoda ta buɗe sabon sashe na ilimin adana littattafai da bayanai. Armiya'u aka ba shi. Ɗalibai tara, kanta biyu, kwamfuta ɗaya. Hukuma ta ce sai ta ga suna koyar da adana tsofaffin rubuce-rubucen ƙasar kafin ta amince.

Armiya'u ya hau babur ya tafi Dauran wurin kawunsa Malam Hayatu, ya roƙi aron littafin fiƙihun da kakansa ya kwafe da hannu. Warƙa ɗari uku ne a gafaka, ba ɗinki, ba lamba.

"Kwana bakwai," in ji tsohon. "In warƙa guda ta ɓace, kada ka sake taka zauren nan."

Ran Talata ya shimfiɗa littafin a tebur gaban ɗalibai. Wata guda ba wuta, ba wanda ya tuna makunnin fanka a buɗe yake. Sai aka kawo wuta. Kafin a kai ga makunnin, warƙoƙi sun cika ɗaki, wasu har ƙarƙashin benci.

Suka tsince su duka. Amma wace ke bin wace? Armiya'u ya yi kwana biyu yana juya su. Digirinsa na Zariya bai ce masa komai ba. Abinci ma ya ƙi shiga.

Ran Juma'a ya koma Dauran ya durƙusa ya faɗi gaskiya. Malam Hayatu ya miƙe. Ya sa hula, ya hau bayan babur.

A ajin ya dubi tulin, ya dubi ɗan ƙanwarsa.

"Wanga ne ya hana ka cin tuwo?"

"Shi ne, Kawu."

"Kai da ilimin littattafai! Ke ɗiyata, mi sunanki?"

"Zulaihat, Baba."

"Ɗauki guda. Duba can ƙasa, gefen hagu. Mi kika gani?"

"Kalma ɗaya, ita kaɗai."

"To da ita warƙa ta gaba ta fara. Nemo ta. Magabata ba wawaye ba ne."

Ɗalibai suka zauna a ƙasa suna kiran kalmomi kamar masu ciniki a kasuwar hatsi. Kafin la'asar littafin ya haɗu. Tsohon ya bi shi warƙa warƙa, leɓɓansa na motsi. Armiya'u na tsaye yana kallonsa. A warƙa ta ƙarshe tsohon ya ɗaure gafakar.

"Ya cika."

Armiya'u ya zauna a benci. Da ya samu numfashi ya ce, "Kawu, da za ka riƙa zuwa kana koya musu..."

"Ran Alhamis. Kai ma ka zo da littafin rubutu, ka zauna gaba."