Babu Tambaya a Wannan Saƙo

Ni mace ce mai sauri, kuma ban taɓa ɗaukar hakan aibi ba. A tsaye nake cin abinci, ina ɗaura ɗankwali ina amsa waya. Mahaifiyata takan ce ko ranar sunana sai da na gaji da jiran liman.

Sunana Shahida. Aikina horar da mata masu ƙananan sana'o'i: mai man gyaɗa, mai sabulu, mai ɗinki, mai turaren wuta. Ofishina ɗaki guda ne a Kazaure, amma ɗalibaina sun bazu daga Babura har Gwiwa, su sittin da huɗu. Sau ɗaya muke haɗuwa a wata uku. Tsakanin nan kowacce takan aiko mini da saƙon murya ta WhatsApp, ni kuma in ba ta shawara.

Abin da ke cinye mini rana shi ne gaisuwa. Mace ba za ta tambaye ki yadda ake liƙa takarda a jikin kwalba ba sai ta tambayi kwananki, da gajiyarki, da maigida, da yara, da ruwan jiya. Gwanar wannan fage kuwa Inna Ma'u ce, dattijuwa mai ƙuli-ƙuli a wani ƙauye bayan Roni, ɗalibata ta farko tun ba ni da ko kujera. Saƙonta ba ya kasa minti tara. Hannunta kullum da maiƙo, saboda haka mijinta, Malam Muhammadu Lawal, tsohon malamin firamare, shi ke riƙe mata wayar yana danna wurin magana. Ba ya kuma iya riƙewa bakinsa a rufe. Tana bayani yana gyara mata, tana ce masa ya bar ta ta yi magana da malamarta, sai a minti na takwas tambayar ta fito.

Goodness ce ta nuna mini mafita. Shagonta na buga takardu yana jikin ofishina, an haife ta a nan, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Ta sa mini wata manhajar ƙirƙirarriyar basira, wadda ake ce wa AI, mai sauraron saƙon murya ta rubuta shi, sannan ta taƙaita. Muka loda mata duk tsofaffin saƙonni na shekara biyu don ta san sana'ar kowacce.

"Yanzu gaya mata abin da kike so," in ji Goodness.

Da hannuna na rubuta: a cire gaisuwa, a cire labarin gida, a bar mini tambaya kawai.

Gaskiya abin ya yi aiki. Abin da ke ɗaukar mini yini guda ya dawo awa ɗaya da rabi. Na soma komawa gida kafin la'asar, har maigidana ya tambaya ko an kore ni daga aikin da ni ce mai shi. Idan manhajar ta rubuta "Babu tambaya a wannan saƙo," ina da amsa a ajiye. Na naɗi muryata sau ɗaya ina cewa, "Madalla, Allah ya yi albarka, a ci gaba da ƙoƙari." Sai in tura, in wuce ta gaba. Ina jin kaina ƙwarai a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Wata Talata da hantsi Goodness ta leƙo tana karkaɗa wata robar da ba komai a ciki. Tana ajiye ƙuli-ƙulin Inna Ma'u a kan tebur don masu jiran takardu.

"Shahida, mutuniyarki lafiya kuwa? Sati uku ke nan ba ta aiko ba, ga gyaɗa sabuwa ta shigo."

"Lafiyarta ƙalau, ko jiya ta yi mini saƙo."

Na buɗe don in nuna mata. Saƙo huɗu ne a jere cikin wata guda, ƙarƙashin kowanne an rubuta babu tambaya, ƙarƙashin wannan kuma ga madallata. Inna Ma'u da ba ta taɓa rasa tambaya ba. Na danna na farko.

Ta gaishe ni kamar kullum, sannan ta ce Malam ba ya jin daɗi, ƙirjinsa ne, a sa shi a addu'a. Ba muryarsa a bayanta. A na biyu suna asibiti, tana cewa in yi haƙuri idan maganar na yankewa, yau ita ke danna wayar da kanta. Na uku gajere ne, bai kai minti biyu ba. Ta tambayi kwanana da yarana, ta tsaya, sannan ta ce, "'Yar nan, an yi mana rashi. Malam ya cika jiya bayan azahar."

A ƙarƙashinsa ga muryata, tana walwala. Madalla, Allah ya yi albarka.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Goodness ta danna na huɗu, na jiya. "Ba ni da wata tambaya," in ji Inna Ma'u. "Gidan ne ya yi shiru, na ce bari in yi magana da ke."

Kwana goma sha tara da rasuwar. Na so in ɗora wa manhajar laifi, na rasa ta inda zan fara, don abin da na ce ta yi shi ta yi. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, da tsoron cewa na rasa matar nan ke nan. Na rufe ofis na hau ɗan acaɓa. Duk tsawon hanyar Roni, muna ratsa duwatsu da gonakin da ake cirar gyaɗa, ina shirya abin da zan faɗa, ko ɗaya bai zauna ba.

Na same ta a ɗakinta a kan tabarma, cikin takaba, ba kwalli ba ɗan kunne. Kaskon suya yana kife a tsakar gida. Na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta."

"Amin, 'yar nan. Shigo mana, kin tsaya kamar baƙuwa."

Na shiga, na faɗa mata komai, ban rage ba. Na ce inji na sa yana saurarenta, ni ce kuma na ce ya zubar da gaisuwarta. Ina faɗa ina kuka.

Ta bar ni na gama. "Ai na san ba ki ji ba," ta ce. "Sau huɗu kika ce mini madalla, kuma duk sau huɗun ɗan adaidaita ɗaya ne ke hon a bayanki. Na ce ko dai mutumin nan a ƙofarki yake kwana, ko kuwa yarinyar nan ta yi mini wayo."

Dariya ta kufce mini cikin hawaye. Ita ma ta murmusa, amma bai daɗe ba.

"Na ji ciwo, ba zan yi miki ƙarya ba. Ranar da ta ukun ta zo, kife wayar na yi."

"To me ya sa kika sake aikowa, Inna?"

Ta juya wayar a hannunta. "Nan ne muke hira da shi. In zan yi miki magana sai ya zauna nan gefena, ya riƙe, ya yi ta sa mini baki. Jiya na danna, har na ɗan dakata ko zai gyara mini." Ta ajiye wayar a cinyarta. "Kin san abin da ke damuna? Muryarsa ta fara ɓace mini. Wayar nan ba ta da wuri, duk saƙon da muka tura miki sai ya goge. Ko guda bai bari ba."

Na dube ta, na dubi jakata inda wayata take.

"Inna, ba ni minti biyar."

Sabis ba ya shiga ɗakin sosai, sai da na fita gindin darbejiyar ƙofar gida. Na buɗe manhajar na rubuta mata akasin umarnina na farko. Na ce ta bar tambayoyi, ta bi saƙonnin Inna Ma'u na shekara biyu ta nemo mini duk inda muryar namiji ta shigo. Da kunnena zan yi, sai in shafe kwana biyu. Kafin in gyara mayafina ta jero wuri arba'in da uku, kowanne da ranarsa da mintinsa. Biyu ta yi kuskure, ɗaya rediyo ne, ɗaya mai tallan kifi. Sauran duk shi ne.

Na koma na zauna kusa da ita, a gefen da ta nuna ɗazu. Na danna.

"A'a, Ma'u, ranar Laraba ce ba Alhamis ba," in ji Malam, sarai kamar yana tsakar gida.

"Kai Malam, ka bar ni in yi magana da malamata!"

Ta dafe bakinta da gefen mayafi. Na tambaye ta ko in tsayar, ta girgiza kai. Muka ji shi yana ƙorafin ta cika yaji. Muka ji shi yana korar akuya. Akwai inda bai ce komai ba, dariya kawai yake yi mata don ta kasa faɗin sunan wata leda. Wannan sai da ta sa na maimaita sau uku. Na yi mata alkawarin Goodness za ta haɗa su wuri guda a katin memori, in kawo mata ranar Juma'a da kaina.

Na ƙarshe a jerin ban taɓa jinsa ba. Ya zo ne a satin da na daina sauraro, kuma abin da manhajar ta ba ni a ranar layi ɗaya ne, tambaya kan ajiyar man gyaɗa. Can wajen minti na bakwai sai ga shi.

"Kawo in gaisa da ita. Malama Shahida, ina wuni? An gode, an gode da ɗawainiya. Matar nan tun da ta haɗu da ke ta daina cewa ita ba ta iya komai ba. Amma ina da ƙara. Ranar taronku na hango ki kina cin abinci a tsaye. Haba 'yata. Ki riƙa zama, duniyar ba gudu take ba."

Saƙon ya ci gaba da muryar Inna tana ƙwace zancenta. Ban iya ɗaga kai ba.

Ta tashi a hankali ta fita, ta dawo da kwanon ɗanwake da wata maƙwabciya ta aiko mata, ta ajiye tsakaninmu. Wayata ta yi ƙara a kan tabarma, saƙonni na shigowa yanzu da ta ɗan kamo sabis. Na kai hannu don in duba, kamar yadda na saba.

"Kin dai ji abin da ya ce," in ji Inna Ma'u.

Na kife wayar. Na tanƙwashe ƙafa, na wanke hannu, muka ci.